Matsattsaku Ya Koma Asibiti

A shekarar 1985, a wani gari kusa da birnin Boston na ƙasar Amurka, kare ya ciji wani yaro ɗan shekara biyar, ya cire masa kunne ɗungum. Aka ɗauki yaron da kunnen aka yi asibiti a guje. Wani likitan fiɗa mai suna Joseph Upton ya zauna gaban madubin nan mai ƙara girman abu, ya yi wajen sa'a goma yana ɗinki, yana haɗa jijiyoyin jini waɗanda kaurinsu bai kai na tsinken tsintsiya ba. Da ya gama, kunne ya zauna daram, kowa ya yi murna. Amma bayan 'yan kwanaki sai kunnen ya kumbura, ya soma yin baƙi. Jini yana shiga, ba ya samun hanyar fita. In an bar shi haka, kunnen zai ruɓe, aikin sa'a goma ya tafi a banza.

Sai Likita Upton ya ce a nemo masa matsattsaku. I, matsattsakun nan da kuka sani, wanda yakan manne wa mai shuka shinkafa a fadama, wanda yara sukan gani a ƙafarsu su fito daga kududdufi suna ihu. Sai da aka aika har ƙasar Wales ta Birtaniya, inda wani masanin dabbobi, Roy Sawyer, ya buɗe gidan kiwonsu shekara guda kafin wannan. Aka sa su a jirgin sama aka kawo. Da aka ɗora su a kunnen suka sha, baƙin ya soma washewa. Aka yi ta maimaitawa har kwanaki, kunne ya rayu. Jaridun duniya suka ɗauki labarin, likitoci da yawa kuwa suka tuna da wani abu da kakanninsu suka yar.

Mai karatu zai ce, ashe mutanen dā da suke fid da jini don neman lafiya suna da gaskiya ke nan? A yi haƙuri tukuna. Abin da ake yi da matsattsaku yau dabam ne ƙwarai da abin da aka yi da shi a dā, wanda bai san bambancin ba kuwa yana iya jawo wa gidansa asara.

Wane irin halitta ne?

Matsattsaku dangin tana ne, wato tsutsar ƙasa. Irinsa ya fi ɗari shida a duniya, ba dukansu suke shan jini ba. Wanda likitoci suke aiki da shi na ƙasashen Turai ne da kewayensu, masana suna kiransa Hirudo. Yana da abin mannewa biyu. Babban yana wajen wutsiya, da shi yake riƙe wuri. Bakin yana can gefen da ya fi siriri, abin da mutane da yawa sukan ɗauka shi ne wutsiyar. A cikin bakin akwai muƙamuƙai uku, kowanne da 'yan haƙora wajen ɗari, suna yanka fata kamar zarto. Shi ya sa tabon cizonsa yakan fito da reshe uku.

In ya kama, yakan yi daga minti 20 zuwa sa'a guda yana sha. Abin da yake ɗauka bai cika wuce babban cokali ɗaya ba, amma wannan ya ninka nauyin jikinsa sau biyar ko fiye. In ya ƙoshi sai ya saki da kansa ya faɗi, yana kuma iya yin watanni da yawa, har kusan shekara, bai sāke cin kome ba. Littafin Karin Magana ya ambace shi a sura 30 aya 15, inda aka yi misali da shi a kan abin da ba ya gajiya da neman ƙari. Wannan kwaɗayi nasa shi ne likita yake nema, don haka masu kiwo sukan bar shi da yunwa watanni kafin su aika da shi asibiti.

Zamanin da ya zama maganin kome

Tun dā dā mutane suke aiki da shi. An ga zanensa a bangon wani kabari a Masar, wanda aka yi wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu. Tsofaffin littattafan magani na Indiya sun bayyana irin da za a ɗora wa mutum da irin da za a guje wa. Ibn Sina, wanda ya kammala babban littafinsa na likitanci a 1025, ya rubuta yadda ake shirya shi kafin a ɗora. Likitocin Girka da na Roma kuwa sun koyar cewa jikin mutum yana da ruwa iri huɗu, jini yana cikinsu, cuta tana zuwa ne sa'ad da ɗaya ya rinjayi sauran. Bisa ga wannan koyarwa, mai zazzaɓi jini ne ya yi masa yawa, sai a rage. Wannan tunani ya yi mulki a Turai fiye da shekara dubu da ɗari biyar.

Amma ba a taɓa yin haukan matsattsaku irin na ƙasar Faransa a farkon ƙarni na 19 ba. Wanda ya jawo shi likitan soja ne, François Broussais, wanda ya bi rundunar Napoleon, daga baya ya zama babba a asibitin soja na birnin Faris. Shi a ganinsa kusan kowace cuta daga kumburin ciki da hanji take tasowa. Maganinsa biyu ne: a hana mara lafiya abinci, a jera masa matsattsaku. Yakan sa a ɗora wa mutum ɗaya talatin, wani lokaci har hamsin. Almajiransa suka bazu, kowa yana kwaikwayonsa. Ciwon kai, matsattsaku a bayan kunne. Tari, matsattsaku a ƙirji. Taɓin hankali, basir, ciwon ido, ƙiba, duka haka. Har matan manya suka riƙa sa a yi musu ado a riga da siffar matsattsaku.

Tafkunan Faransa suka ƙare ƙaf. A shekarar 1833 kaɗai ƙasar ta sayo matsattsaku fiye da miliyan 40 daga waje. Fatake suka riƙa kawo su daga Hungari da Rasha da ƙasar Turkawa. Masu kamun kuwa matalauta ne, mata da tsofaffi da yawa a cikinsu. Sukan shiga ruwa ƙafa tsirara su tsaya har abin ya manne musu, sa'an nan su fito su ciccire su zuba a tulu. Da jininsu suke tarko, yawancinsu kuwa kullum a ɗashe suke, ƙafafu duk gyambo. Masu kiwo kuma sukan kora tsofaffin dawakai cikin tafki don a sha jininsu. A shagon mai sayar da magani akwai tulun tangaran mai kyau, da murfi mai 'yan huda, inda ake ajiye su. In sun yi tsada, sai a matse wanda ya ƙoshi ya amayar, a sāke ɗora wa wani mutum, da haka cutar wannan take komawa jikin wancan.

A yi lissafi. Jinin babban mutum duka wajen lita biyar ne. In matsattsaku talatin suka sha, wuraren cizon kuma suka kwana suna tsiyaya, mutum yana iya rasa lita guda. A tuna fa wannan mutum ne da zazzaɓi ya riga ya kayar, an kuma hana shi abinci. Waɗanda suka warke, sai a yaba wa likita. Waɗanda suka mutu, sai a ce cutar ce ta yi ƙarfi, ko kuwa ba a fid da jinin da wuri ba.

Wanda ya tsaya ya ƙidaya

A cikin birnin Faris ɗin nan akwai wani likita, Pierre Louis, mutum mara hayaniya. Shi bai yi gardama da baki ba. Ya ɗauki takardun mutum 77 masu ciwon huhu, ya raba su kashi biyu: waɗanda aka fid wa jini a kwana huɗu na farkon ciwon, da waɗanda aka jinkirta musu. Cikin mutum 41 da aka gaggauta wa, 18 suka mutu. Cikin 36 da aka jinkirta wa, 9 suka mutu. Ya buga wannan a 1828, ya faɗaɗa shi cikin littafi a 1835. Shi kansa bai ce a daina fid da jini gaba ɗaya ba, ya dai nuna amfaninsa bai kai yadda ake kururutawa ba. A ganina wannan mutum ya cancanci a san sunansa fiye da na Broussais, gama ya koya wa likitoci tambayar da ta fi kowace muhimmanci: mutum nawa aka ba maganin nan, nawa suka tashi, nawa kuma suka tashi ba tare da shi ba?

Al'ada ba ta mutuwa dare ɗaya. Sai da aka gane ƙwayoyin cuta ne suke kawo cututtuka da yawa, a ƙarshen ƙarnin, kasuwar matsattsaku ta faɗi sosai. Duk da haka a 1953, sa'ad da shanyewar jiki ta kama Stalin shugaban Tarayyar Sobiyat, likitocinsa sun ɗora masa matsattsaku a bayan kunne. Bai tashi ba. Yawan kamun da aka yi da kuma busar da fadamu sun sa irin na Turai ya yi ƙaranci ƙwarai, har a 1987 aka sa shi cikin jerin halittun da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini.

Asirin yana cikin miyau

Kowa ya lura, in ƙaya ta soke ka jini yakan tsaya nan da nan, amma cizon matsattsaku yakan yi ta zuba. A 1884 wani malamin likitanci a Birmingham ta Ingila, John Berry Haycraft, ya gano dalili: akwai wani abu a miyau ɗinsa da yake hana jini daskarewa. Daga baya aka raɗa masa suna hirudin. Da shi ne Likita Georg Haas na Jamus ya hana jini daskarewa a 1924, sa'ad da ya yi wankin ƙoda na farko ga ɗan Adam. A zamaninmu an kwaikwayi hirudin an haɗa magunguna a masana'anta, ɗaya daga ciki, bivalirudin, ana yi wa masu ciwon zuciya allurarsa sa'ad da ake buɗe musu jijiyar da ta toshe. Ban da hirudin, miyan yana da waɗansu abubuwa masu buɗe ƙananan jijiyoyi da masu sa maganin ya ratsa nama.

Yanzu mu koma ga abin da ya sa likitan fiɗa yake bukatarsa. Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu kawo jini daga zuciya, waɗannan bangonsu da kauri, suna kuma harbawa, don haka ba su da wuyar gani da ɗinkewa. Akwai masu mayar da jini zuwa zuciya, su kuwa bangonsu sirara ne, in an yanke su sai su lanƙwashe su manne, wani lokaci ma likita ya neme su ya rasa. Tun 1965, da likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar wa wani mutum babban yatsansa da ya guntule, ake ta fama da wannan matsala. A ɗinka mai kawowa lafiya lau, mai mayarwa ta ƙi. Abin ya zama kamar gonar da aka buɗe wa ruwa ba a yi mata magudana ba: ruwan da ya kamata ya rayar da shuka shi zai kashe ta.

Jiki da kansa yakan tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyi su haɗe wurin, amma yana bukatar wajen kwana biyar zuwa mako guda. Aikin matsattsaku shi ne ya riƙe wa naman rai a 'yan kwanakin nan. Cokali gudan da ya sha ƙaramin abu ne. Babban amfanin shi ne tsiyayar da take biyo baya, gama wurin yakan yi sa'o'i da yawa yana ɗiga, tsohon jini yana fita, sabo yana samun wurin shiga. Likitoci biyu na birnin Ljubljana, Derganc da Zdravic, sun riga sun rubuta wannan dabara tun 1960, sai dai ba a kula da su sosai ba sai bayan labarin kunnen yaron. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da matsattsaku a matsayin kayan aikin likita. Yau ana aiki da shi a kan yatsu, kunne, leɓe, hanci, fatar kai, da naman da aka ɗebo daga wani sashen jiki don a rufe babban rauni.

In kuwa jijiyar da take kawo jini ce ta toshe, matsattsaku ba shi da abin yi. Sau da yawa ma yakan ƙi kama irin wannan nama.

Yadda ake yi a asibiti

Wanda ya ga yadda ake aikin ba zai yi marmarin gwadawa a gida ba. Matsattsakun asibiti a gidan kiwo aka haife shi, bai taɓa shan jinin mutum ba. Ana ajiye shi cikin ruwa mai tsabta a wuri mai sanyi. Nas takan wanke wurin da ruwa zalla, gama ƙanshin sabulu ko na man shafawa yakan kore shi. Takan kewaye wurin da bandeji, ta bar 'yar kafa daidai inda ake so ya kama. In ya yi nawa, sai ta ɗan soka allura jini ya fito ya ja hankalinsa. Ba ta barin wurin, domin in ya ƙoshi yakan yi yawo, ya shige cikin rauni ko ƙarƙashin gado. Ana ƙidaya nawa aka ɗora, nawa aka cire. Wanda ya gama sha ana jefa shi cikin sifirit ya mutu, a zubar da shi kamar yadda ake zubar da allurar da aka yi aiki da ita. Ba a ɗora shi wa mutum na biyu ko kaɗan.

Haɗari biyu ne likita yake tsaro. Na farko, a cikin hanjin kowane matsattsaku, har na gidan kiwo, akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Aeromonas. Ita take taimakonsa narkar da jini, amma in ta shiga rauni takan ruɓar da naman da ake ƙoƙarin ceto, har ta shiga jini. Saboda haka ana ba mara lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin a ɗora na fari. Na biyu shi ne zubar jini. Ana auna jinin mutumin a kai a kai, da yawa kuwa sai an yi musu ƙarin jini kafin a gama. Mai ƙarancin jini, da wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, da mai juna biyu, ba a cika yi musu wannan aiki ba.

Akwai masu tallar matsattsaku don hawan jini, ciwon sukari, rashin haihuwa da gyaran fata. Babu gwajin kirki da ya tabbatar da waɗannan. Inda aka ɗan sami haske shi ne ciwon gwiwa na tsufa. A birnin Essen na Jamus, a 2003, an gwada mutum 51, waɗansu da matsattsaku, waɗansu da maganin shafawa, na farkon suka fi samun sauƙin zafi a makon farko. Amma mutum 51 kaɗan ne, kuma wanda aka ɗora wa matsattsaku ya san an yi masa wani babban abu, wannan kaɗai yakan rage jin zafi.

Mu da mataccen jini

A ƙasarmu ƙaho muka fi sani. Wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, sa'an nan ya juye baƙin gudan jini ya ce ga mataccen jinin da yake damunka. Gaskiyar magana ita ce, jinin da yake komawa zuciya kullum ya fi duhu, domin ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko daga huhu. Kowane jini kuma, na mai lafiya da na mara lafiya, in ya fito waje ya jima sai ya dunƙule. Abin da ya fita jini ne mai rai wanda jiki zai yi makonni yana mayarwa. Ƙato mai ƙoshi ba zai ji a jikinsa ba. Amma macen da ta haihu kwanan nan, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ci jininsa, da mai ciwon sikila, su ƙari suke bukata. Yawan kasala da jiri da ciwon kai da ake kai wa wanzami, sau da yawa alamun ƙarancin jini ne. A fara zuwa a auna. Wanda kuma zai yi ƙaho, ya tabbata sabuwar reza ce aka buɗe a gabansa, gama aska ɗaya tana iya raba wa mutane ciwon hanta da ƙanjamau.

Matsattsakun tafkinmu kuwa ba na magani ba ne, ba wanda ya san abin da ya sha jiya. Akwai ma irin da yake shiga hanci da maƙogwaro tun yana ƙarami kamar zare, sa'ad da mutum ko dabba ya kafa baki a ruwa. Makiyaya sun san shi a bakin shanu. Sojojin Napoleon sun sha wuyarsa a Masar a 1799, da ƙishirwa ta sa suka sha ruwan kududdufai. In yaro ya yi wanka ko ya sha ruwan tafki, bayan kwanaki ya soma haɓo ta hanci ɗaya wanda ba ya tsayawa, ko yana tofar da jini, ko muryarsa ta dushe, numfashi yana yi masa wuya, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita zancen tafkin. Kada a sa tsinke a hancin. Ruwan sha na tafki a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa.

In a fata ya kama, kada a fizge, kada a ƙona shi da wuta ko a zuba masa gishiri, domin yakan amayar da abin cikinsa a raunin. A nemi siririn gefen inda bakin yake, a tura farce a ƙarƙashi a hankali har ya saki, sa'an nan a ɓamɓare wutsiyar. A wanke da ruwa da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta. Zai ɗan jima yana zuba. In ya kwana bai tsaya ba, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, sai asibiti.

Tun da zancen mayar da gaɓa muke yi, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani, musamman inda ake aiki da injin niƙa ko adda. In yatsa ya guntule, a fara danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan kuma a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure bakinta, sa'an nan a sa ledar cikin kwano mai ruwa da ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada a jiƙa shi a ruwa ko sifirit, kada a barbaɗa masa kome. Ba kowane asibiti yake iya wannan ɗinki ba, ba kowane yatsa kuma yake ɗinkuwa ba, likita ne zai duba ya faɗa. A rubuta lokacin da abin ya faru, a tafi da mutumin da yatsan tare zuwa asibiti mafi kusa, a roƙi a tura su babban asibitin koyarwa ba tare da jinkiri ba.